Mai Jiƙa Jinka

A bakin filin da za a yi wasan wuta na bikin 'yancin kai a Dutsin-Ma, akwai wani dattijo da tun la'asar yake jidar ruwa a tulu, yana watsa wa jinkar rumfunan da ke kewaye. Ba wanda ya sa shi. Taguwarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafafunsa duk faso, in ya sauke tulun sai ya daɗe dafe da ƙugu kafin ya miƙe. A damtsensa akwai tsohon tabon ƙuna. Ina jin manomi ne da ya taɓa tsayawa yana kallon rumbunsa na ci da wuta.

Wata mai ƙosai ta ce, "Baba, ka huta mana. Ai Bature ya ce wutar a sama take mutuwa."

Ya ce, "Ɗiyata, Bature ba a ƙarƙashin ciyawa yake kwana ba."

Ana idar da magariba, wutar farko ta tashi, ta fashe ja da kore. Kowa ya ɗaga kai, ana ta sowa. Shi kuwa ya juya wa filin baya, tulu a kafaɗa, idonsa na kan jinka.