Unguwar da Kumai Ya Zaɓa a Disamba

Kumai mijin ƙanwata Afiniki ne. Tun ranar da ya zo neman aurenta a gidanmu na Manchok, ya tsaya yana jijjiga ƙofa don ya ji ƙarfin sakata kafin ya gaida mahaifinmu, na san mun haɗu da aiki.

Ɗan manomi ne kamar kowa a cikinmu. Ubansa citta da acca ya noma har ya mutu. Shi kuwa fartanya ba ta karɓe shi ba, sai ya tafi Kaduna ya samu gadi a ƙofar wani banki. Shekara goma sha ɗaya yana buɗe get yana rufewa, yana sara wa motoci. Ilimi ɗaya tak ya kwaso daga can: duk abin da ke bayan doguwar katanga lafiya yake. In ka ce masa wane mutumin kirki ne, sai ya tambaye ka ko gidansa da waya mai ƙaya.

Afiniki da yara suna Manchok duk tsawon shekarun nan. Babbar 'yarsu Hulda ta shiga aji shida, kuma ba don jinina ce ba, yarinyar tana da kai. Hedimasta da bakinsa ya ce in ta ci gaba haka za ta ci jarrabawar shiga sakandaren kwana ta gwamnati. Afiniki, wadda aka cire daga makaranta tana aji biyu na sakandare, ba ta da wata addu'a da ta wuce wannan.

Sai aiki ya ƙare a Kaduna, Kumai ya samu gadin wani sito na takin zamani a Kafanchan. Nan take ya ce iyalinsa sun gama zaman ƙauye. Ya sayi littafin rubutu, ya ja layi da rula, ya jera abin da zai duba a kowace unguwa: tsawon katanga, kaurin get, fitilar waje. Makaranta ma ya ba ta layinta, wai tagogi nawa ne da gilashi. Kwana biyu bayan Kirsimeti ya fita neman gida, ni ma na bi shi, don ina da kayan da zan saro a wurin Fidelia.

Fidelia 'yar Ibo ce, kakanta aikin reluwe ya kawo shi, a Kafanchan aka haife ta. Ta nuna masa ɗaki biyu a bayan gidanta, kusa da tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi. Ba katanga, ba get, akuyoyi sai shiga suke suna fita. Makarantar gwamnati da ke wajen fentinta ya kwaile, amma Fidelia ta ce ranar da malami bai zo ba, iyaye mata ne ke zuwa ofishin hedimasta da zaninsu a ɗaure.

Kumai ya dubi wurin kamar wanda aka miƙa wa tuwon shekaranjiya. "Madam, ni sikyuriti ne fa. Wannan wuri ba shi da ko fens."

"Mu ne fens," in ji Fidelia. "Yaro ba zai ɓata a nan ba. Kowa ya san mama na kowa."

Bai ko rubuta ba. Wani dillali ya ɗauke mu a acaɓa zuwa wata sabuwar unguwa a bayan gari. Kai, ranar Kumai ya ga aljanna! Katanga ta fi mutum biyu tsawo, motoci masu lambar Abuja reras, janareta na ruri, yara masu fararen takalma suna harba ƙwallo. Makarantar unguwar a rufe take saboda hutu, amma tana da sabon fenti da get na ƙarfe. Ya leƙa ta ƙasan get, ya ƙirga gilashi, ya ba ta maki cikakke.

Da muka koma na ɗauki kayana, Fidelia ta ce, "Oga Kumai, ka dawo Janairu ka gani da ido naka. Yanzu Kirsimeti ne, kowa ya zo gida."

Ni ma na faɗa masa. Wane ne a ƙasar nan bai san 'yan'uwanmu da ke aiki a Abuja da Legas suna gina manyan gidaje don Kirsimeti da jana'iza kawai ba? Shi kansa a Disamba kaɗai muke ganinsa shekara goma sha ɗaya. Ya ce, "Anti, wannan magana na maza ne." Ya kama gida ranar.

Sati na farko na Janairu suka tare. Sati na biyu unguwa ta watse. Motoci suka tafi, aka ɗaura wa kowane get kwado, babu mai sayar da ko ashana. Afiniki in ta so aron turmi sai ta yi tafiyar minti ashirin. Makarantar kuwa malamai biyu ne a kan azuzuwa shida, don babu iyayen da za su tayar da ƙura. Da malamar ajin Hulda ta ga tana iya karatu, sai ta miƙa mata alli ta ce ta riƙa kula da 'yan aji ɗaya. Wata biyar yarinyar da ya kamata a koya wa lissafin jarrabawa tana koya wa masu majina A da B.

Afiniki ta roƙe shi a mayar da Hulda Manchok tun a watan Maris. Ya ce ba za a ce ya kasa ba.

Sakamako ya fito, sunan Hulda ba ya ciki. 'Yan ajinta uku na Manchok, waɗanda take yi wa aikin gida, duk suka samu. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba, kuma har yau bai sauka ba. Na je gidan na tarar da Afiniki a zaune a ƙasa, shi kuwa yana shafa wa sakatar get man inji.

"Ko ba komai," ya ce mini, "tun da muka zo ko cokali ba a sace mana ba."

Na ce ya haɗa wa yarinya kayanta. Za ta zauna wurina a Manchok ta maimaita aji shida, tare da yaran da a da take gaba da su.

Ya raka mu tasha. Hulda ta shiga mota ta sunkuyar da kai. Direba na shirin tashi sai ga Kumai a guje yana buga gefen mota. Na ɗauka haƙuri zai ba 'yarsa. Ashe sabon kwado ya sayo wa akwatinta, ya tsaya sai da ya ga ya kulle da kyau.