Kunun Tsamiya a Asibitin Riyad

Ko da tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya ɗauke abin da ya faru a shekarar da hukumar Saudiyya ta ba baƙi wa'adin gyara iƙamarsu, wato takardar izinin zama. A lokacin kowa ta kansa yake yi. Wanda takardarsa ba ta cika ba ko masallacin Juma'a a ɗarare yake zuwa, balle asibiti.

Ni kuwa direba ne, ina ɗaukar ma'aikatan wani asibiti daga unguwar Al-Badi'a. Cikinsu akwai wata dattijuwar nas 'yar ƙasar Ailan, muna gaisawa da guntun Turancina da guntun Larabcinta. Wata safiya ta ce da ni akwai wani tsoho ɗan ƙasarmu a ɗakinta, ɓarin jikinsa ya shanye. Ciwon ya share masa Larabci, ya bar masa yaren da ba mai ji. Ya juya wa abinci baya, likita kuma ya ce in aka ci gaba haka ba zai daɗe ba.

Ina leƙawa na gane shi. Wani tsohon tela ne na unguwarmu ta Ulaisha. Farkon zuwana Riyad, da kafilina, Balaraben da ya tsaya mini na shigo ƙasar, ya yi ɓatan dabo, shi ya shimfiɗa mini tabarma a gefen keken ɗinkinsa, ya ciyar da ni. Da na yi godiya ya ce, “Ajiye godiyarka, yaro. Bashi ne, ranar biya na nan tafe.”

A hanyar komawa nas ɗin ta tambaye ni, “Ina mutanenku?” Ta ce su gwamnatinsu kan ware kuɗi ga ƙungiyoyin 'yan ƙasarsu da ke ƙetare, don kada tsoho ya mutu shi kaɗai a baƙon wuri.

Na ce, “Sista, ku kun dace. Mu wa zai aiko mana?”

Ta yi dariya. “Kuɗin daga baya ya zo. Gwaggona ta tsufa tana kai wa maginanmu miya a Ingila, ba wanda ya san da ita.”

Maganar nan ta tsaya mini a ƙirji. Bayan La'asar na miƙe a masallacinmu na Ulaisha na faɗi komai, har da zancen mutanen Ailan. Wani ɗan kwangila mai barkwanci ya ce, “To Malam, sai ka rubuta wa Abuja, a aiko mana da namu kason mu fara.” Aka bushe da dariya. Wani kuma ya ce, “In ya cika a kira mu. Mutuwa a ƙasar nan ai rabo ce.”

Nan na gane halinmu. In an ce wane ya rasu, kafin a gama wanka mun cika sahu. Amma mai rai da ke kwance, kowa ya bar wa wani.

Na ce, “Ladan dubiya fa, wa ya soke shi? Ni dai zan je, ko ni kaɗai.”

Na roƙi matar wani abokina ta dama kunun tsamiya. Nas ta nemo izinin likita, ta tsaya a kaina kada kaurin ya shaƙe shi. Na buɗe filas, ƙanshi ya tashi. Na ce, “Baba, sannu da jiki. Kunu ne, ba irin miyar nan tasu ba.”

Ya daɗe yana kallona, sannan da kyar ya ce, “Da sukari?”

Ya sha, ya nemi ƙari.

Kullum na sauke ma'aikata sai na shiga wurinsa, in ba shi kunu, in yi masa tilawa, in fassara wa likitoci kokensa. Kowace Juma'a kuma in sake miƙewa a masallaci, har aka laƙaba mini Ministan Kunu. Ban fasa ba. Wanda ya fara biyo ni shi ne mai barkwancin nan, ɗauke da tuwo da miyar kuka, yana cewa, “Yallaɓai minista, ga ma'aikaci ya zo.” Daga nan sauran suka fara zuwa, wani ya yi masa aski, wani ya bi masa takardun fita, wani likita ɗan ƙasarmu ya nemo 'ya'yansa a waya.

Ranar tafiyarsa gida ni na tura shi a keken marasa lafiya a filin jirgi. A bakin ƙofa ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, “Yaro, ka biya. Ba na binka, ba ka bina.”

Har yau ina fata gwamnatinmu ta tuna da 'ya'yanta na ƙetare, ina kuma faɗa a duk inda na samu dama. Amma abin da na koya shi ne, marar lafiya ba ya jiran kasafin kuɗi. Wanda za ka je jana'izarsa, ka je masa tun yana iya amsa sallamarka.