Awon Ƙugu da Fom ɗin Auta

Shekara arba'in da ɗaya Tela ya yi a shago guda, ɗaki mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, a maƙale tsakanin shagon aski da na mai gyaran rediyo. Daga kawunsa ya gaji keken ɗinki da almakashi, ya kuma gaji wata ƙa'ida wadda bai taɓa saɓa mata ba: ba a sa almakashi a yadi sai an auna mutum, ko da jiya aka auna shi. Duk awon da ya taɓa ɗauka yana nan rubuce cikin littattafai goma sha bakwai masu baƙin bango, jere a kan kanta. Mutum ne mai tsoron Allah, mai ƙarancin magana, wanda karatunsa na zamani bai wuce firamare ba. Idan ka ambaci wani a gabansa, faɗin kafaɗar mutumin zai riga fuskarsa zuwa masa a rai.

Allah ya ba shi 'ya'ya biyar. Huɗu sun kama hanyarsu ba tare da sun ɗora masa wata mas'ala ba. Ta biyar, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ta ci jarrabawar shiga jami'a, ita ce kuma ta shigo shagon wata Litinin da hantsi riƙe da fom.

"Baba, fanni biyu aka ce in zaɓi ɗaya: ilimin tattalin arziki ko nazarin kasuwanci. Ranar Alhamis za a rufe. Wanda ka ce, shi zan cike."

Tela ya cire allurar da ke bakinsa. "Ashe ba abu ɗaya ba ne?"

"Ba ɗaya ba ne. Na farko yana binciken abin da ke sa yadi ya yi tsada a ƙasa baki ɗaya. Na biyu yana koya wa mutum yadda zai tafiyar da shagon yadin."

"To wanne ake samun aiki da shi?"

"Ai tambayar da na kawo maka ke nan, Baba."

Ya yi istihara kamar yadda aka koya masa, amma ya san neman zaɓin Ubangiji ba ya ɗauke wa bawa wajibcin bincike. Kuma shi a duniya ba shi da wata hujja rubutacciya sai littattafan nan. Ya yi ƙiyasi a ransa cewa wanda aiki ya karɓa, jikinsa ba zai ɓoye ba. Saboda haka ya sauko da su, ya shiga neman ɗaliban da ya ɗinka wa kaya tun suna jami'a.

Ya sami Dogo, wanda ya karanta tattalin arziki: ƙugunsa inci ashirin da takwas a littafi na tara, arba'in da ɗaya a na goma sha bakwai. Ya sami Mai Gilashi, wanda ya karanta kasuwanci: talatin a wancan lokaci, talatin har yau. Tela ya rufe littafin da natsuwar wanda ya gano gaskiya, ya tafi gida cin abincin rana, ya bayyana wa matarsa hukuncinsa: tattalin arziki Auta za ta cike.

Ta ajiye ludayi ta dube shi. "Malam, wannan mai tumbin ba shi ne likita ya hana wa maiƙo ba, ƙafafunsa suke kumbura saboda zaman kujera? Shi kuma siririn, ba shi ke da motocin dakon kayan nan ba? Zirga-zirga ce ta hana shi ajiye nama. Yanzu da tef ɗin awo za ka zaɓa wa yarinya rayuwa?"

Ya koma shago ya ci gaba da bincike, sai al'amarin ya ƙara rikicewa. Ga wani mai tattalin arzikin da ya ɓace daga littafi na goma sha ɗaya, bai sake bayyana ba: ko ya bunƙasa ne ya koma sayen ɗinkakkun kaya, ko kuwa sabon yadi ne ya gagare shi, shafin bai faɗa ba. Ga wani mai kasuwancin da ƙugunsa ya hau, ya sauka, ya sake hawa. Ya leƙa wurin maƙwabcinsa mai aski neman shawara, shi kuwa ya rantse cewa masu tattalin arziki sun fi saurin yin sanƙo, amma bai sani ba ko tunani ne ko rashin aiki. Ranar Laraba Tela ya wayi gari ya fi ranar Litinin jahilci.

Da safiyar Alhamis Auta ta zo, ta same shi yana ƙarasa mata rigar da za ta tafi da ita makaranta.

"Auta, na auna," ya ce, kansa a sunkuye. "Awon bai tsaya ba."

Ta kama gefen rigar ta juya cikinta, ta ja bakin ɗinkin da yatsa. "Baba, kai kullum sai ka naɗe yadi mai yawa a ciki. Kamar an yi don mutum biyu."

"Rara ce. Ni na san jikin da za ki yi nan da shekara uku? In ta matse sai a buɗa."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Ya dubi rigar, sannan ya ce, "Cikin karatun nan biyu, wanne ne idan ya matse ki ana iya buɗa shi?"

Ta yi tunani. Ta ce ma'aikaciyar da ta ba ta fom ta gaya mata wanda ya yi tattalin arziki yakan iya juyawa zuwa kasuwanci daga baya, komawa ta ɗaya ɓangaren kuwa ya fi wuya saboda lissafi. Amma wani malaminsu ya ce masu kasuwanci sun fi saurin samun wurin farawa.

"Wato ɗaya yana zama a jiki tun yau, ɗaya yana da rara."

"Haka suka ce. Ban sani ba ko haka ne."

"Ni ma ban sani ba," in ji Tela. "Sai dai ban taɓa yanka wa mai sauran girma daidai jikinsa ba. Cike mai rarar. Arziki kuma yana hannun Mai shi."

Ta ɗora fom ɗin a kan teburin yanka, ta rubuta, ta durƙusa ya sa mata albarka, ta fita da sauri don kada a rufe ofis.

Tela ya mayar da littattafan kan kanta ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na farko sai ya buɗe shafin fari, inda kawunsa ya rubuta awonsa ranar da ya fara koyon aiki. Ya zare tef daga wuyansa ya zagaya ƙugunsa. Talatin da biyu, kamar yadda yake a shafin. Ya zauna riƙe da tef ɗin yana tunanin a wane ɓangare na hujjar zai ajiye kansa, bai kuma gama ba har aka kira sallar azahar.