Abokin Wasan Baba

Shekarar da ɓarin jikin mahaifinmu ya shanye, ba ƙafar ce ta fi tayar mana da hankali ba, shirun ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kasuwar dabbobi yana ciniki da ƙarfin murya, sai ga shi kwance a zaurenmu na Daura ya juya wa ƙofa baya. Likita ya ce harshensa lafiya lau, kuma in ya yarda ana gasa masa ƙafar yana motsa ta, zai iya takawa. Baba ya ƙi. In mai yi masa gashin ya zo, sai ya ja bargo ya rufe kai. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga alamar ya sallama.

Abu ɗaya na san yana so a duniya bayan shanu, shi ne dara. Duk ranar kasuwar Mai'adua, in an tashi ciniki, sai su tona ramuka a ƙasa shi da taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda muke kira Baffa. Ɗaya ya ɗauki tsinke, ɗaya tsakuwa, wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokinsa guda. To Baffa ma ciwon baya ya hana shi hawa babur, ga hannun Baba na dama ba ya riƙe tsakuwa. Shi ke nan dara ta mutu.

Ni malamin firamare ne, ban karanci kwamfuta ba. Amma a wani hutu na yi ta taɓa wata manhaja ta haɗa wasanni, irin wadda ake kira inji, kyauta ce kuma ba sai ka iya rubuta yaren na'ura ba. Ka jawo wannan tubali ka liƙa da wancan: in an taɓa nan, kaza ya faru. Na ce bari in yi wa Baba dara a waya, wadda yatsa ɗaya na hagu ya isa ya buga ta.

Ƙanwata, wadda ke karatun kwamfuta a Kano, ta zo hutu ta tarar da ni a kai. Ta leƙa, ta tuntsire da dariya.

"Yaya, wannan ai injin 'yan koyo ne. Yara ake koya wa da shi."

Ta buɗe wayarta ta nuna mini abin da manyan injuna ke yi. Kai! Ruwan sama na gangarowa a fuskar mutum, inuwa na bin sa, har gashin gira ana gani. Na dubi nawa, ramuka kamar an ɗiga miya a tabarma. Raina ya ɓaci, na ce to Hajiyar boko, ɗora mini babban mana. Ta ce ko ta ɗora, kwamfutata sai dai ta yi zafi ta mutu, kuma masu irin wancan aikin gayya guda ce, ba mutum ɗaya a gindin darbejiya ba. Na ce to ki rufa mini baki. Ba ta rufe ba, amma ta zauna ta gyara mini inda na'urar ke jera huɗu ta ci, abin da ko yaro ya san haramun ne a dara.

Da na gama, na rubuta komai da Hausa. Ɓangaren mai bugawa na sa "Kai", ɗaya ɓangaren kuma, inda na'ura ke bugawa, na sa "Abokin wasa". Ban yi tunanin komai ba.

Na kai wa Baba da hantsi, na durƙusa na riƙe masa wayar. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa rami, tsakuwa ta fito. Na'ura ta ajiye tsinkenta. Murna ta kama ni. Can ya nuna rubutun sama da haɓa.

"Me aka sa a nan?"

Na ce, "Abokin wasa, Baba."

Ya ɗan ɗago. "Shi ne? Bawan nawa ne a ciki?"

Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. A bakin Baba, abokin wasa ba wanda kuke buga dara da shi ba ne. Taubashi ne, wanda al'ada ta ba ka damar yi wa tsiya son ranka, ka kira shi bawanka, shi ma ya rama, ba mai fushi. Na ce a'a, na'ura ce kawai. Ya mayar da kansa kan matashi.

"Ɗauke. Wa zai yi dara da wanda ba ya magana?"

Na fito daga zauren idona ya cika da ƙwalla. Ƙanwata ta ji komai daga tsakar gida. Na zaci za ta ce da ma ta faɗa, har na shirya amsar da zan watsa mata. Sai ta ce, "Yaya, injin nan naka yana karɓar murya?" Muka duba. Ashe tubali ɗaya ne tak: in kaza ya faru, kunna sauti kaza. Ta ce, "To me kake jira? Hau babur."

Na sami Baffa a ƙofar gidansa a Mai'adua, ya jingina da buhun gero. Da na yi masa bayani, ya ce in matso da wayar in ɗauki tsiyar da zai yi wa Baba. Wallahi ban taɓa ganin tsoho ya ji daɗin aiki haka ba. Ya yi na lokacin da ya ci, ya yi na lokacin da aka ci shi, ya yi na in Baba ya daɗe bai buga ba. Wasu ma ban iya sa su ba, don akwai yara a gidan. Da zan tafi ya riƙe hannuna, muryarsa ta sauya, ya ce, "Ɗana, yana cin abinci kuwa?" Na ce kaɗan. Ya kau da kai.

Ni da ƙanwata muka liƙa kowace murya a gurbinta. Na sake kai wa Baba, ya ce ba ya so. Na ajiye wayar kusa da kunnensa na koma gefe. Jim kaɗan sai ga muryar Baffa ta cika zauren: "Kai bawana, barci kake ko tsoro? Buga mana!"

Baba ya zabura. Ya taɓa rami. Bayan 'yan bugu aka cinye masa ɗa, muryar ta ce, "Haba! Wannan ko akuyata ta fi ka dabara."

"Ƙarya kake, matsiyaci!" in ji Baba, da wata murya da muka manta yana da ita. Mahaifiyarmu ta fito da ludayi a hannu, ta zaci faɗa ake.

Har yau in ana gardamar ko ƙaramin inji zai taɓa kamo manya, ba na sa baki. Ban sani ba, wataƙila ba zai kamo su ba har abada. Abin da na sani, waɗanda suka yi shi sun sauƙaƙa shi har malamin aji uku ya iya, kuma ina yi musu addu'a duk da ban san ko su waye ba. Ita ma ƙanwata mai dogon bakin, Allah Ya yi mata albarka.

Kwana kaɗan Baba ya haddace duk tsiyar da ke cikin wayar, ya fara jin haushi wai yana ramawa amma bawan ba ya ji. Na ce zan ɗauki tasa muryar in kai. Ya ce a'a, irin wannan amsa ido da ido ake ba da ita. Na ce to ranar kasuwa sai mu ɗauko mota mu sa shi a ciki mu kai shi wurin Baffa.

Ya harare ni. "Ku ɗauke ni kamar buhu, ya samu abin faɗa har ya mutu? Je ka kira mai gashin nan."