Gwaggo da Gajerun Igwogi

Shekara talatin Gwaggo ta yi tana buga tafireta a ofishin lauyoyi, ba ta taɓa barin kuskure ya wuce ta gabanta ba, ko da na maigida ne. Da ta yi ritaya ta dawo gidanmu, ɗakin da ke jikin shagon Baba.

Baba kafinta ne. Da guntayen katako yake sassaƙa ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, ya jera su a kan tebur mai shuɗin fenti. Duk Asabar da hantsi shi da abokinsa Mai Kemis suke gwabza yaƙi da jiragen, suna amfani da dayis irin na ludo da rula. Dokokin wasan da fensir ya rubuta su, sun fara gogewa, sai ya ba Gwaggo ta buga masa.

Tana kaiwa shafi na huɗu ta tsaya.

"Yaya, waɗannan gajerun igwogin me suke tsinanawa? Doguwa na kai taƙi uku, gajera taƙi ɗaya, ɓarnar kuma iri ɗaya. Wa zai ɗauke su?"

"Ke dai buga abin da na rubuta."

"Da bakinka ka ce harsashinsu ya fi nauyi. To ina nauyin ya shige?"

Baba ya sosa ƙeya. Ita kuwa ta buga nata: in jirgin abokin gaba na cikin taƙi ɗaya, gajera dayis uku za ta jefa maimakon ɗaya. Mai Kemis ya karanta ya kwashe da dariya, ya ce kafin ta matso ya nutsar da ita.

Da Gwaggo ta karɓi jiragen Baba ta kara da shi, haka ɗin aka yi, har sau biyu. Ko a jikinta. A karo na uku ta laɓe bayan guntun katakon da suke kira tsibiri, ta jira iska ta juya, ta ɓullo dab da bayan jirginsa. Ta auna da rula, ta sake aunawa don kada a ce, sannan ta watsa dayis. Shida, biyar, shida.

Mai Kemis ya cire tabarau ya goge.

"Hajiya, wannan ai zalunci ne."

"Shafi na huɗu, layi na tara," in ji ta.

Dokar ta zauna. Yanzu ba jirgin Mai Kemis da ba ya ɗauke da gajeru biyu, kuma tsibirin nan da nisa yake kewaye shi. Gwaggo ta mallake kujerar bakin taga. Makon jiya ta fara yi wa Baba tambayoyi a kan dokar iska.