Sa Hannun Madam

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai aka tura ni koyarwar gwaji a wata firamare da ke Damagum. Wata huɗu za mu yi. Ƙa'idar ita ce malami ya zo daga kwaleji ya zauna a bayan aji, ya ga yadda kake koyarwa, ya ba ka maki. In babu wannan makin, babu kammala karatu.

Wata uku suka wuce ba wanda ya leƙo mu. Duk wanda muka kira sai ya ce gwamnati ta rage kuɗin da take ba kwaleji, motar makaranta ba mai, su kuma malamai ba za su yi tafiya da aljihunsu ba.

Ni kuwa ba ni da halin jira. Mijina ya rasu ya bar mini yara biyu, muna zaune wurin innata mai sayar da abinci a kasuwar shanu. Ƙafafunta sun fara kumbura, ba ta iya doguwar tsayuwa a bakin murhu. Ga wani mai makarantar kuɗi a Potiskum ya yi mini alkawarin aiki, in dai na kawo sakamakona kafin sabon zango.

Sai na tuna da Madam, wadda ta koya mana dabarun koyarwa. 'Yar Binuwai ce, ta daɗe a nan garin da kwalejin take, aikin wucin gadi take yi a kwalejin. Ranar Asabar na same ta a gida tana soya cincin na sayarwa. Ban gama bayani ba kuka ya ƙwace mini.

"Share hawayenki," in ji ta da Hausarta mai ɗan karkata. "Mu ma ba a biya mu ba tun bayan Ista. Amma zan zo."

Ranar Talata ta zo a motar haya. Ta zauna a kan wani benci mai ƙafa uku, ta tokare shi da bango. Na koyar da rabi da kwata da sandar rake, ina yanka ta a gaban yara, wuƙar har ta ɗan yanke ni. Da aka tashi ta cike takardar, ta sa hannu, ta ce, "Kin iya, 'yata." Ta duba wasu ɗalibai biyar a ranar kafin ta koma.

Bayan sati uku na je duba allon sakamako. Sunana na cikin waɗanda ba su kammala ba. Na shiga ofishin jarrabawa ko sallama ban yi ba. Jami'in ya zaro wata takarda ya juyo mini ita. An sallami duk malaman wucin gadi saboda rashin kuɗi, kuma sallamar ta fara aiki ne tun farkon watan da Madam ta je, duk da ita kanta sai daga baya wasiƙar ta same ta.

"Ranar da ta sa hannun nan, ba ma'aikaciyarmu ba ce," ya ce.

"Ranka ya daɗe, ai ta gan ni ina koyarwa. A tambayi hedimasta, a tambayi yaran."

"Ni ma na san ta gan ki."

Na durƙusa a ƙasa na riƙe ƙafar teburinsa. Na ce a turo kowa ma, zan nemo kuɗin mota, zan sake darasin ko a nan ofis ne. Ya kau da kai ya ce, "Tashi, baiwar Allah. Sai baɗi, tare da 'yan bayanku, in an sako kuɗi."

Ba a sako ba. Da baɗin ta zo, malamai suka shiga yajin aiki. Mai makarantar ya ɗauki wata. Inna ta kwanta gaba ɗaya, ni na karɓi tukunyarta, ina zuba wa direbobin tirela shinkafa da wake. Madam ta tattara kayanta ta koma garinsu. Ta kira ni sau ɗaya tana ba ni haƙuri, kamar ita ta yi laifin.

Sai a shekara ta uku na sake gwajin, a Danchuwa. Malamin da ya zo bai kai minti goma a ajin ba, ya sa hannu ya tafi. Yanzu wata bakwai ke nan muna jiran kwamitin da zai tabbatar da sakamako ya zauna. Duk Litinin nakan rufe rumfa da wuri in je in tambaya, mai gadin ƙofa yakan girgiza mini kai tun daga nesa.