Mabuɗin da Baba Dakata Ya Ƙi

Shekara ashirin da bakwai Baba Dakata yana gadin ƙofar kamfanin sabulu, har an manta sunansa na yanka. Ko manaja ne ya zo, kalmar farko da zai ji ita ce, "Dakata." Mota ta danna hon, sai Baba ya ƙarasa kurɓar shayinsa mai suga cokali huɗu, ya lalubo takalmi ɗaya a ƙarƙashin benci, ya nemo ɗayan, sannan ya leƙa ta ramin ƙofa ya tambayi direban da ya sani tun kafin ya yi gemu, "Wa ake nema?" Bencin nan har ya yi kwarmi daidai mazauninsa, wani ya zauna sai ya ji kamar ya sa wandon aro.

Ƙofar ce ta ci amanarsa. Wata safiya gindinta ya kankare masa babban yatsan ƙafa, aka yi wata biyu ciwon yana ruwa, ya ƙi rufewa. Matarsa ta tasa shi gaba sai asibiti. Aka ɗibi jini, likita ta duba takarda, ta dubi Baba, ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Ta juya bayan katinsa ta zana da'ira da mabuɗi a gefenta.

"Baba, jikinka duk 'yan ƙwayoyi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Kowace tana da katangarta, wani tantani siriri na maiƙo."

"Katangar maiƙo? Wane ɗan kwangila aka ba aikin?"

"Saurara mana. Katangar ce ke zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Suga ba ya ratsa ta sai ta ƙofa. To kai sugan ya taru a jini, a waje, na ciki kuma suna jin yunwa. Wannan allurar, insulin, ita ce mabuɗi. Kullum da safe. In sugan bai sauka ba, yatsan nan cire shi za a yi."

Baba ya ce to. Irin "to" ɗin da yake ce wa manaja.

A hanyar gida kansa ya ɗau zafi. Wato duk shekarun nan akwai masu gadi a cikin jikinsa, dubbai, ba wanda ya taɓa zuwa ya gaishe shi. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne mabuɗin. A iya saninsa mabuɗi a hannun na ciki yake zama. Sau ɗaya tak aka taɓa zuwa masa da mabuɗi daga waje, wani tsohon ma'aikacin sito ne, kuma katan goma sha biyu na sabulu suka bi shi. Yanzu a ce shi da hannunsa zai tura baƙo mai mabuɗi cikin jikinsa?

Ya sa allurar a bayan firji. Da ya tuna an ce na ciki suna jin yunwa, tausayi ya kama shi, ya mayar da shayinsa cokali biyar.

"Malam, likita fa cewa ta yi ka rage," in ji matarsa.

"Ke ba ki ji zancen daga tushe ba. Yunwa ake yi a ciki."

"Allurar kuma fa?"

"Tana dakatawa."

Mako biyu, gefen yatsan ya fara duhu, takalmi ya daina shiga. Suka koma. Likita ta kwance bandeji, ta tambaye shi allura nawa ya yi. Matar ta riga shi, "Ko ɗaya." Likita ta ajiye almakashi da ƙarfi.

"Baba, yatsan ne ba ka so?"

"Ina so, 'yata. Tare muka fara aiki da shi. Amma ke kika ce mabuɗi ne. Duk wanda ya zo da mabuɗinsa daga waje, ni a wurina ɓarawo ne."

Likita ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta rufe. Ta jawo katin, ta soke mabuɗin da ta zana.

"Ka fi ni gaskiya, misalina ne ya karkace. Insulin ba ya buɗe komai. A waje yake tsayawa, ya taɓa wani ɗan abu da ke jikin katangar, saƙo ya wuce ciki cewa abinci ya iso. Kamar hon."

"To, hon na san shi."

"Sai na ciki su ɗauko ƙofofi su kafa a katangar, suga ya shige."

Baba ya dubi matarsa, ya dubi likita. "Su ɗauko ƙofa? Daga ina?"

"A ciki ake ajiye su."

"Ƙofa? A ajiye ta a ɗaki kamar tabarma, sai an yi baƙo a shimfiɗa? In an gama fa?"

"A mayar da ita ciki."

Ya cire hula ya sosa ƙeya. Wannan kamfani bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ce to tun da suna da hon, me ya hana su fitowa? Likita ta ce jiki ma yana yin nasa insulin, amma shekaru ana danna musu ba dare ba rana, har kunnensu ya saba, yanzu sai an ƙara ƙarfinsa suke motsawa.

"Na san wani haka," in ji matarsa, tana kallon silin.

Likita ta ƙara da cewa in naman jiki yana aiki, shi da kansa yake fito da ƙofofin ko ba a danna hon ba. Ƙafar a bar ta ta huta har ta warke, amma ai hannuwansa lafiyarsu lau.

Tun daga ranar direbobi suka shiga ruɗani. Ka danna hon sau ɗaya, kafin ka ɗauke hannu ƙofa ta wangale, har wani ya yi baya da mota yana zaton tarko ne. In ba mota, za ka tarar da Baba a kan benci, ƙafa a kan kujera, yana ɗaga bokitin yashin kashe gobara sama da ƙasa. Ka tambaye shi, ya ce ƙofofi yake fitarwa. Ka ce waɗanne, ya ce shi ma bai gama ganewa ba, ka wuce kawai. Shayin ya koma babu suga, yana sha yana ɓata rai kamar an ba shi aron baki.

Bayan wata biyu likita ta kwance bandeji ta ce yatsa ya tsira, farcen ne dai ya tafi. Baba ya tambaye ta ko waɗancan na cikin suna da ranar hutu. Ta ce a'a. Ya jinjina kai, ya ce lallai ba su da ƙungiya.

Har yau kowace safiya matarsa na miƙo masa allurar, ya ɗaga riga, ya tsaya yana kallon allurar.

"Malam, ka yi mana, shayi zai huce."

"Dakata," in ji Baba. Ya kawo allurar kusa da ido. "Wa ake nema?"

Sannan ya soka.